Aikin hanji da kyamara ko buɗe ciki: tambayoyin da masu jinya ke yi a Damagaram

Mene ne bambancin aikin biyu?

A aikin buɗe ciki, likita yana tsaga tsakiyar ciki ya kai hannunsa ga hanjin. A na kyamara, wanda likitocinmu ke kira seliyoskofi, huda uku zuwa biyar ake yi, kowace faɗin milimita 5 zuwa 12. Ana hura iskar karbon a ciki don fatar ta ɗaga a samu fili, a zura kyamara da dogayen almakashi, likita yana kallon allo. Idan an yanke wani yanki na hanji, sai an ƙara tsaga ta kamar santimita 5 a fito da shi. Abin da ake yi can ciki ɗaya ne: a yanke inda ya lalace, a haɗa bakuna biyun.

Da gaske na kyamara ya fi saurin warkewa?

Da gaske ne. Zafin ciwon ya fi sauƙi, hanji yakan farka da wuri, majinyaci ya fitar da iska ya fara shan kunu. Ciwon ba ya yawan yin mugunya, kuma ba kasafai ɗinki ke sakewa daga ciki hanji ya turo fata bayan watanni ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 kan masu sankarar babban hanji 872, masu aikin kyamara sun kwana biyar a asibiti, na buɗe ciki shida, cutar kuma ba ta fi dawo wa wani ɓangare ba bayan shekara uku. Amma aikin kyamarar ya ci minti 150, ɗayan 95. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu bayan aikin kyamara daga iskar da aka hura ne, yana wucewa.

To me ya sa kuɗinsa ya fi yawa?

Kayan ne. Injin da allonsa, tulun iska, da na'urar da ke yanka hanji ta ɗinke shi da ƙananan ƙarafa, wadda sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Ga tsawon lokaci a ƙarƙashin maganin barci, ga buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa ko injin wuta a shirye.

Sai dai kada a tsaya kan kuɗin ɗakin aiki kaɗai. A lissafa kuɗin gado, takardun magani, wankin ciwo, abincin masu jinya da suka baro Mirriya ko Magariya suna kwana kan tabarma a harabar asibiti. Wanda aka buɗe wa ciki ba zai ɗauki buhun hatsi ko ya riƙe hauya ba sai bayan kamar sati shida. Ga manomi a tsakiyar damina, asarar nan kan fi kuɗin aikin. A ɗaya gefen, idan neman kyamara zai kai iyali Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kuɗin mota da masauki da komawa duba ciwo na iya cinye ribar gaba ɗaya.

An ce hanjin ɗana ya huje saboda taifot. In nemi aikin kyamara?

A'a, Malam, kada a jira. Taifot yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji a sati na biyu ko na uku, bahaya ya zuba a ciki, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Haka ma idan hanji ya murɗe ko ya toshe: ya cika da iska, babu filin da kyamara za ta gani, hura iska kuma na iya ƙara karya hawan jinin wanda ya galabaita. Maganin nan shi ne ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta, a buɗe a wanke a ɗinke, wani lokaci a fito da bakin hanjin ta gefen ciki na ƴan watanni. Irin wannan aikin Babban Asibitin Zinder ya saba da shi. Jinkirin kwana ɗaya ya fi kowace tsaga haɗari.

An fara da kyamara, an ƙare da buɗewa. Kuskure aka yi?

Ba kuskure ba ne. Jini kan ɓalle, ko a tarar hanji ya manne saboda tsohon aiki, ko ƙari ya fi yadda hoto ya nuna. A binciken da muka ambata, an buɗe wa kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka fara musu da kyamara. Tun kafin sa hannu ku tambayi likita sau nawa yake irin aikin, da abin da za a ƙara biya idan an buɗe.

Me za mu sa wa ido bayan aiki?

Yoyon mahaɗar hanji, kowane irin aiki aka yi. Yakan bayyana wajen kwana na biyar zuwa na bakwai, lokacin da wanda aka yi wa aikin kyamara ya riga ya koma gida. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki da ke ƙaruwa, kumburi, amai kore, ko ruwa mai wari daga ciwon: a koma asibiti a daren, kada a ba shi jiƙo ko abinci a hanya.