Samar wa matasa aiki a tsibiran Pasifik: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa rashin aikin matasa ya fi tsanani a waɗannan tsibirai?

Ƙanƙantar kasuwa da nisan wuri ne tushen matsalar. Al'ummar Tuvalu ba ta kai mutum 12,000 ba, Kiribati kuwa tsibiranta a warwatse suke a faɗin teku mai girman gaske, don haka duk wanda ya kafa masana'anta a can sai kuɗin jirgin ruwa ya cinye ribarsa tun kafin kaya su isa hannun mai saye. Kimanin rabin jama'ar yankin ba su kai shekara 25 ba, kuma a ƙasashe da dama gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, alhali guraben da take buɗewa ba su kai yawan masu kammala sakandare ba. Saura sukan dogara da noman rogo da gwaza da kamun kifi, ko su kwararo birane kamar Honiara, babban birnin Tsibiran Solomon, da Port Moresby, babban birnin Papua New Guinea, su zauna a gidan dangi babu abin yi. Tarzomar da aka yi a Honiara a 2006 da kuma Nuwamban 2021, inda aka ƙone shagunan unguwar 'yan Sin, ta nuna wa hukumomi irin haɗarin da ke cikin wannan zaman kashe wando.

Su wane ne ke tsara shirye-shiryen a matakin yanki?

Akwai SPC, ƙungiyar raya ƙasashen yankin Pasifik da aka kafa a 1947, mai hedikwata a Noumea ta New Caledonia, wadda ta jagoranci tsarin bunƙasa matasan Pasifik na 2014 zuwa 2023, sai kuma Dandalin Tsibiran Pasifik mai ofishi a Suva ta ƙasar Fiji. Galibin kuɗin kuwa daga Ostireliya da New Zealand da Bankin Duniya yake fitowa.

A aikace, me ake yi wa matashin da ya shiga irin wannan shiri?

Shirin Youth@Work da aka fara a Honiara a 2012 ya isa misali. Matashi kan fara da aikin gayya a unguwa, sannan a koya masa abubuwan da makaranta ba ta koyar ba, kamar rubuta takardar neman aiki, zuwa a kan lokaci da yadda ake magana da mai gida, daga nan a tura shi wani ofis ko kanti ya yi 'yan watanni yana koyon aiki ana ba shi ɗan alawus. Wanda ya fi son sana'ar kansa akan koya masa lissafin ciniki a taimaka masa ya fara. Bankin Duniya ya bi wata hanyar a birnin tun daga 2010, inda ya riƙa biyan matasa da mata ladan yini domin share tituna, gyaran magudanan ruwa da gina matakalar siminti zuwa unguwannin da ke kan tudu. An yi makamancin haka a Port Moresby.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ta biya wani ɓangare kawai. Horon yana gyara matashi, amma ba ya ƙirƙiro gurbin da babu shi, shi ya sa da yawa sukan koma gida da takardar shaida idan wa'adin koyon aiki ya ƙare. A ganina, abin da ya fi sauya rayuwar iyalai a yankin shi ne ci-rani bisa yarjejeniyar gwamnatoci. New Zealand ta buɗe shirinta na ɗaukar 'yan ci-rani mai suna RSE a 2007 da gurabe 5,000 domin tsinkar tufa da inabi da kiwi, daga baya adadin ya kai kusan 20,000 a shekara. Ostireliya ta kafa nata a 2012, sannan a 2022 ta haɗe shi da wani shirin nata a ƙarƙashin sunan PALM, wanda ke ɗaukar ma'aikata daga ƙasashen Pasifik tara da Timor ta Gabas, wasu na tsawon wata tara, wasu har shekara huɗu, a gonaki da mahauta da gidajen kula da tsofaffi. Kuɗin da 'yan Tonga ke aikowa gida daga ƙetare ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar, kuma da irinsa ake biyan kuɗin makaranta, a yi rufin kwano, a sayi injin kwale-kwale.

Wane ƙorafi ake yi game da wannan ci-rani?

Ƙorafin iri biyu ne. Na farko daga ma'aikatan yake, domin akan cire musu kuɗin jirgi da na masauki da na mota daga albashi har abin da ya rage a makonnin farko bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma bizarsu a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko su, wanda hakan ke sa wanda aka zalunta ya yi shiru don gudun a mayar da shi gida. Na biyu daga gwamnatoci yake. Samoa ta koka cewa shirin da aka tsara domin marasa aiki ya fara janye malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda, saboda albashin tsinkar 'ya'yan itace a waje ya fi nasu, har ta sake duba ƙa'idojin tura mutanenta. A ƙauyuka kuma akan rasa majiya ƙarfi a lokacin da ake bukatarsu, mata da tsofaffi su ɗauki nauyin gona da tarbiyyar yara.

Yaya batun ƙasashen da teku ke barazanar cinyewa?

Nan batun aiki ya haɗu da na ƙaura. Kiribati ta daɗe tana horar da matasanta aikin jiragen ruwa a cibiyar da ke Tarawa tun 1967, domin su yi aiki a manyan jiragen dakon kaya na ƙasashen waje. Tuvalu kuwa ta ƙulla yarjejeniyar Falepili da Ostireliya a Nuwamban 2023, wadda ta ba 'yan ƙasar har 280 a kowace shekara damar zama da aiki da karatu a can ba tare da wa'adin komawa ba, adadin da ya haura kashi 2 cikin 100 na al'ummar ƙasar baki ɗaya.