Masu tara tsofaffin ƙananan kwamfutocin tebur: me suke nema a cikinsu?

Wai waɗanne kwamfutoci ake nufi?

Ba laftof ba ce, ba kuma doguwar nan da ake girkewa a ƙarƙashin tebur ba. Ƙananan na kan tebur ne, waɗanda aka matse komai nasu cikin ɗan akwati. Akwai Macintosh ta farko ta 1984 mai sikirin inci 9 da RAM 128KB, har da mariƙi a samanta ka ɗauka ka tafi. Akwai shafaffun nan irin SPARCstation 1 ta kamfanin Sun da ta fito 1989 da Macintosh LC ta 1990, da ake ɗora musu sikirin a ka. Sai na baya baya, Power Mac G4 Cube ta 2000, ƴan akwatunan Shuttle da suka fara fitowa 2001, da Mac mini ta farko a 2005.

To wayar hannu ma ta fi su ƙarfi, me za a yi da su?

Ta fi su nesa ba kusa ba, babu mai musu. Amma ai ba ƙarfi ake nema ba. Mutum ne ya fara koyon taifin ko buga gem a kan irinta yana yaro, ko kuma lokacin da ta fito yana ganinta a mujalla ba shi da halin saye, yanzu ya girma ya samu hali sai ya je ya nemo abarsa. Kuma akwai abinda hoto ba ya baka, ƙarar da filofi ke yi yana karanta faifai, nauyin kibod ɗin da, ɗan sautin nan da Mac ke yi in ka kunna ta. Wasu kuma tarihin ne ya ja su, misali a kan kwamfutar NeXT Tim Berners-Lee ya haɗa sabar yanar gizo ta farko a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai a 1990, shi yasa masu tarawa ke rububin wannan baƙin akwatin.

Me yasa ƙananan, ba manyan ba?

Wuri mana. Kanta ɗaya za ta ɗauki goma, manyan kuwa uku sun cinye maka ɗaki kuma sai an yi faɗa da mutanen gida. Sannan ni a ganina a ƙananan ne ake ganin basirar injiniya, don sai da aka yi dabara kafin komai ya shiga. Ɗauki G4 Cube, faɗinta wajen inci 8 ne, babu fanka ko ɗaya a ciki, iska ce ke shiga ta ƙasa zafi ya fita ta sama, in ka kifa ta ka danna wani mariƙi sai kayan cikin gaba ɗaya su zaro a hannunka. Kasuwa bata karɓe ta ba don tayi tsada, Apple ya dakatar da ita a 2001, yanzu kuma ita ake nema.

Suna tashi kuwa bayan shekara 30?

Nan fa ake yinta. Yawancin wannan harkar gyara ce, tarawar kaɗan ce. Babban abokin gaba shine batirin da ke riƙe agogo a kan madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan ciki a kansa, in ya tsufa sai ya fashe ko ya tsiyaye ya cinye layukan tagullar da ke kan allon, ka buɗe kaga wuri yayi kore ko tsatsa duk ta bi, wani lokacin ma babu abinda za a iya ceta. Don haka duk wanda ya san harkar, kafin ya jona wuta sai ya buɗe ya cire batir tukunna. Na biyu kafasito, wato ƴan ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta a kan allon, su ma ruwan cikinsu na zubowa, Macintosh SE/30 ta 1989 ta yi suna a wannan, sauti ya fara raguwa ko sikirin ya cika da zane zane, sai an cire su duka an wanke allon an sa sababbi da dalma. A injinan Sun kuma batirin a cikin wani cif yake a rufe, in ya mutu injin har lambar da ake gane shi da ita a netwok yake mantawa, sai ka sake rubuta masa da hannu.

Kuma ƙanƙantar da ake so ɗin ita ke ƙara wahala, zafi na taruwa a ciki ya gajiyar da kaya da wuri, fawa saflai ɗinsu yawanci na musamman ne ba za ka ciro na wata ka saka ba, robar ma ta bushe, ka ɗan matsa wajen buɗewa kaji ƙas, maƙalin ya karye.

Had disk ɗin fa in ya mutu?

Wannan mai sauƙi ne yanzu. Masu mahaɗin had disk irin na SCSI akwai wata ƴar na'ura BlueSCSI da ke sa injin ya ɗauki katin SD a matsayin had disk, masu mahaɗin IDE kuma ana sa musu katin CompactFlash da ɗan adafta, filofi a musanya shi da Gotek mai karanta filash. Wasu dai na cewa in babu wannan gurnanin na had disk an rage daɗin.

Wadda robar jikinta ta koma ruwan ɗorawa, tana komawa fara?

Tana yi, ana shafa mata sinadarin haidirojin feroksaid a shanya a rana. Sai dai sau da yawa launin na dawowa bayan wani lokaci, in kuma ba a shafa daidai ba ta fito dabbare dabbare. Ni dai na fi son a wanke ta da sabulu a barta da launinta.

Sabon shiga da wacce zai fara?

Kar ya fara da masu sikirin a jiki irin SE/30, wutar da ke cikin kwalbar sikirin ɗin na iya zama ko bayan an cire ta daga soket, kuma tana da haɗari sosai. Ya nemi ƙaramar kwamfutar ofis ta zamanin Pentium III ko Pentium 4, irin su Dell OptiPlex ko Compaq Deskpro, an yi su da yawa don haka kayan gyaransu basa wuyar samu, ya duba kafasitocin ko kansu ya kumbura, in lafiya lau suke ya sa mata Windows 98 ko XP ya buga tsofaffin gem ɗinsa, amma kar ya shiga intanet da ita don tuni aka daina yi musu sabunta tsaro.