Gidajen Tsohon Garin Agadas: Ga Amsa, Kada a Sake Tambayata

Tun 2013 da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, tambayoyin nan dai ake ta maimaita mini, a kasuwa, a wurin suna, har a gidan gaisuwa.

Gidana ya zama na UNESCO ke nan?

A'a. Gadonka ne. UNESCO ba ta da ko taku ɗaya na fili a Agadas.

To za a biya ni?

Wanda ya ce maka ana rabon kuɗi gida-gida, je ka karɓa a hannunsa.

Bangon ɗakina ya tsage bayan damina. In sa siminti?

Nan kam sai mu zauna. Ya danganta da irin tsagewar. In yaɓe ne kawai ya zube, nemo magini ya kwaɓa laka da ciyawa ya mayar, yadda kakanka ke yi. In tsagar ta taso daga gindin bango, ruwa ne ke kwanciya a wurin, sai an fara gyara indararo da magudana, in ba haka ba ko me ka shafa aikin banza ne. In kuwa azara ta ruɓe, soro ya lotsa, fitar da iyalinka tukuna, rai ya fi tarihi.

Siminti fa? Na san abin da ke jan mutane: yaɓen laka kusan kullum bayan damina yana neman hannu, magina na da suna ƙarewa, kuɗi kuma babu. Amma siminti ba ya kama tubali. Yana riƙe danshi a ciki, bango ya ci kansa a ɓoye, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya. A makewayi ko ƙasan wurin wanka, inda ruwa ke zuba kullum, wataƙila a yarda maka. A fuskar gida da ke kallon lungu, da wuya. Ƙaramin gyara ba ya buƙatar hayaniya, amma rushewa ko ɗora bene, tuntuɓi masu kula da tsohon gari kafin ka sayi bulo ko ɗaya. Dokar Nijar ta 1997 kan kare kayan tarihi tana nan, ba UNESCO ce ta kawo ta ba.

Ba hasumiya kaɗai aka kare ba?

Wannan ce ke ba ni haushi. Hasumiyar babban masallaci, mai mita 27, ita baƙi ke ɗauka hoto. Abin da aka kare shi ne garin: unguwanni 11 da suka kafu a ƙarni na 15 da na 16, bayan Sarkin Abzin ya zauna a nan, da lungunan da suka bi sawun zangon Abzinawa. Gidan da Baturen Jamus Barth ya sauka a 1850 yana ciki, naka ma haka.

Gidan laka ba alamar talauci ba ne?

Shiga ɗakin soro da azahar a watan Mayu, ka fito ka shiga na kwano, sannan ka dawo mu yi magana.