Gwiwar hannun lodi ta fara ɗiga: me doka ta ce, kuma wa ke da hakkin cewa a tsaya?

Direban siterni da ya kwana a layi ba abin da ke ƙona masa rai kamar a ce an rufe hannun lodi ɗaya, wato bututun ƙarfen da ke zuba wa mota mai a depo, saboda gwiwarsa tana ɗiga. Sai ka ji ana ƙorafi: ɗigon da bai cika ludayi ba ne za a tsayar da motoci a kansa? A ɗaura tsumma mana, a ci gaba. Ina ganin uzurin mai faɗin haka, don kwanan layi kuɗin abinci ne, kuma mai mota yana ta bugo waya. Amma rufewar ba son ran ma'aikacin depo ba ce. Doka ce ta ɗora masa, kuma rayuwar da take karewa da farko ta wanda ke tsaye a bisa tankin ce, wato direban ko yaronsa.

Maganar ta shafe mu a Damagaram fiye da ko'ina a Nijar. Tun watan Nuwamba na 2011 da aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da birni, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, ba layin dogo ke kwashe esansi da gazuwal ba, motoci ne. Kowace lita sai ta bi ta bakin tankin wata mota kafin ta kai Yamai, Maraɗi, Agadas ko Diffa. A matatu da manyan depo-depo na duniya, abin da ke zuba man cikin motar shi ne hannun lodi: bututun ƙarfe mai gaɓoɓi, da ake jawowa a saita shi a bakin tanki, a mayar idan an gama.

Abin da ke ba bututun ƙarfe damar lanƙwasa shi ne gwiwa mai juyawa. Ƙarfe biyu ne, ɗaya ya shige cikin ɗaya, tsakaninsu akwai layi ɗaya ko biyu na ƙwallayen ƙarfe da ke gudana cikin kwarmi kamar na rulma. Su ke ɗaukar nauyin hannun da na man da ke cikinsa. Daga ciki akwai zobe, na roba ta musamman ko na Teflon, mai hana mai fita. Daga waje akwai wani zoben mai hana ƙura shiga. Hannu guda yana iya samun gwiwa uku ko huɗu, ga kuma sifirin da ke rage masa nauyi don mutum ɗaya ya iya sarrafa shi. Duk sauran bututun a like yake da walda ko a ɗaure da noti. Gwiwar kaɗai ce wurin da dole ƙarfe ya motsa alhali mai na wucewa da ƙarfi, shi ya sa can ne yoyo ya fi farawa.

Yanayinmu kuma ba ya raga mata. Ƙurar hunturu idan ta samu hanya ta haɗu da giris, sai ta riƙa cin kwarmin ƙwallayen a hankali har gwiwar ta fara girgiɗi, girgiɗin kuma ya ci zoben ciki. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana tsufar da roba, ta taurare ta tsage. Akwai kuma ɓarnar hannun mutum: jan mota alhali hannun na cikin tanki, ko rataya a jikinsa, ko bunƙa giris fiye da kima har ya ture zoben daga mazauninsa, ko sa zoben da ba na irin wannan mai ba ne don shi aka samu a kasuwa da araha. Saboda haka ɗigo alama ce. Yana nufin wani abu ya riga ya ci a ciki, kuma zoben da ya fara tsagewa yana iya buɗewa gaba ɗaya a tsakiyar lodi, lokacin da famfo ke tura lita dubu ko fiye a minti guda.

Ko ɗigon kansa ba ƙaramin abu ba ne idan esansi ne. Ruwan ba shi ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma esansi yana fidda tururin da zai kama wuta tun daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a ranar Damagaram. Idan tururin ya kai wajen kashi 1.4 cikin 100 na iska, ya isa. Lita guda idan ta ƙafe tana iya mayar da iskar da ta wuce mita kubik 10 abin da ƙyastu ɗaya zai tayar. Tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya shige ƙarƙashin mota da cikin magudana. Ƴan Nijar ba su manta da daren watan Mayu na 2019 ba, lokacin da siterni da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai ta kama wuta, fiye da mutum 55 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To wace doka ce ke magana a nan? Ba doka ɗaya ba ce, kuma babu wadda ta ambaci gwiwa da sunanta a babban rubutunta. Tsohuwar cikinsu ita ce doka mai lamba 66-033 ta 24 ga Mayu 1966, wadda ta shafi wuraren sana'a masu hatsari, ko masu cutar da lafiya, ko masu takura wa maƙwabta. Ta kasa su aji uku. Ajin farko dole a nisanta su daga gidajen jama'a. Aji na biyu ba lalle a nisanta su ba, amma ba a ba su izini sai an ga matakan kariya. Aji na uku sanarwa kawai suke yi wa hukuma, su bi ƙa'idojin da aka gindaya wa kowa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne izinin ba kyauta ba ne da ake bayarwa sau ɗaya a manta. Da sharuɗɗa yake zuwa, masu bincike na gwamnati suna da hurumin shiga su duba, kuma hukuma tana iya dakatar da wurin da ya saɓa. Mai depo da ya bar kayan lodinsa suna yoyo, izininsa yake wasa da shi.

Sai dokar 2014-11 ta 16 ga Afrilu 2014, wadda ta tsara tace mai da adana shi da jigilarsa da sayar da shi, ga kuma hukumar ARSE da aka kafa a 2015 don sa ido a fannin makamashi. Waɗannan sun fi shafar masu kamfani da lasisinsu, ba zan daɗe a kansu ba.

Wadda ta fi kusa da mai aiki ita ce dokar ƙwadago, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Ta wajabta wa mai ba da aiki ya ɗauki duk matakin da ya dace da irin sana'arsa don kare rai da lafiyar ma'aikata, ya tsara wurin aiki da na'urori yadda za su kauce wa hatsari, ya kuma koyar da sabon ma'aikaci ƙa'idojin tsaro. Ta wajabta wa ma'aikaci shi ma ya bi umarnin tsaro, kada ya cire ko ya lalata abin kariya, kuma ya sanar nan take idan ya ga abin da zai iya jawo babban hatsari. Ma'aikatar da ta kai mutum 50 dole ta samu kwamitin tsaro da lafiya. Idan aka fassara wannan zuwa dandalin lodi, ma'anarsa a fili take: wanda ya ga ɗigo ya yi shiru ya saɓa, shugaban da aka gaya wa ya ce a ci gaba ya fi shi saɓawa. Idan magana ta ƙi ci a cikin gida, akwai sufeton ƙwadago. Direba ba ma'aikacin depo ba ne, amma mai motar da ya ɗauke shi aiki wannan nauyi yana kansa shi ma, kuma babu wanda zai tilasta wa mutum hawa bisa tanki alhali esansi na ɗiga masa a ka.

Cikakken bayanin yadda ake lodi kuwa ba a majalisa ake rubuta shi ba. Yana cikin ƙa'idojin masana'antar mai da ake bi a duniya, irin na cibiyar API ta Amurka, da littafin da maƙerin hannun ya bayar, da dokar cikin gida ta kowane depo. A nan ne gwiwa ke da aiki na biyu, wanda ido ba ya gani. Mai idan yana gudu cikin bututu da abin tace datti yana tara lantarkin gogayya, irin tartsatsin da ke tashi idan ka tuɓe rigar leda cikin dare lokacin hunturu. Dole wannan lantarki ya samu hanyar sauka ƙasa, in ba haka ba zai yi tsalle tsakanin bakin bututu da bakin tanki, daidai inda tururi ya fi yawa. Shi ya sa ake maƙala wa mota wayar ƙasa kafin a buɗe murfi, ba a cirewa sai an rufe. Shi ya sa kuma ake auna hannun da na'ura lokaci-lokaci don tabbatar da cewa lantarki na ratsa kowace gwiwa. Galibi ƙwallayen ƙarfen sun isa su wuce da shi, inda kuwa awo ya nuna akasin haka sai a ɗaura waya ta tsallake gwiwar. Mai gyara da ya cire irin wannan waya ya manta bai mayar ba ya bar tarko.

Sauran ƙa'idojin da direbobi ke gani kamar jan lokaci duk daga wannan tushe suke. Bututun ya sauka har kusa da gindin tanki, kada mai ya faɗo daga sama yana fantsama. A fara a hankali, gudun da bai wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba, har sai bakin bututun ya nutse. Bayan an gama a dakata aƙalla minti guda kafin a zura sandar awo. Inji a kashe, wayar salula da ashana a bar su nesa. Wanda na fi so a kula da shi shi ne zuba gazuwal a ɗakin tankin da ya ɗauko esansi a zuwan baya. Mutane suna sakin jiki da gazuwal don ba ya kamawa sai ya yi zafin da ya haura digiri 55, amma shi ne mai tara lantarkin gogayya, ga tururin esansin jiya na jiransa a ciki. Idan aka tambaye ka abin da ka ɗauko na ƙarshe, ɗan'uwa, faɗi gaskiya.

Akwai kuma dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. A gari irin namu da ke zaune kan dutse, wanda ruwan shansa sai an jawo daga wurare kamar Gogo Machaya da Arunguza, man da ya nutse cikin ƙasa ba ƙaramar asara ba ce. Don haka ake shimfiɗe dandalin lodi da siminti, ruwan wankinsa ya bi ta ramin da ke raba mai da ruwa.

Gyaran gwiwa ba ya yiwuwa ana cikin lodi. Sai an rufe bawul, an tsiyaye hannun, an kulle famfonsa don kada wani ya kunna, sannan a kwance, a duba kwarmi da ƙwallaye, a sa sabon zobe na ainihi, a gwada da matsi kafin a maido shi aiki. Ƙara ɗaure noti ba ya maganin zoben da ya tsage, tsumma kuwa tururi kawai yake ƙarawa. Inda nake goyon bayan direbobi shi ne kan tsawon jiran: idan akwai zobba da ƙwallaye a ajiye, aikin na awoyi ne, idan kuwa sai an yi odarsu daga waje, layi zai kwana da kwanaki. Tanadin kayan gyara da duba gwiwoyi kafin su fara ɗiga nauyin mai wurin ne, kuma a kan wannan ya kamata ƙungiyoyin direbobi da masu motoci su matsa, ba kan ma'aikacin da ya rufe bawul ba.