Golan hokin ƙanƙara: abin da fim ke nunawa da abin da doka ta tanada

Yawancinmu a fim muka fara ganin hokin ƙanƙara, ba a fili ba. Yara sanye da sulke suna sulu a kan ƙanƙara, sanduna a hannu, wani yaro mai ƙiba tsaye a bakin raga kowa na yi masa dariya. Wannan yaron na bakin raga shi ya fi kowa shiga haɗari a filin, kuma saboda shi aka rubuta wasu daga cikin dokokin wasan mafi tsauri. Ga tambayoyin da mai kallo zai iya yi, da amsoshinsu.

Wane fim ake nufi idan ana maganar hokin yara?

Wanda ya fi shahara shi ne The Mighty Ducks, na kamfanin Disney, da ya fito a 1992. Labarin wani lauya ne a jihar Minesota ta Amurka, mai suna Gordon Bombay, wanda kotu ta yanke wa hukuncin yi wa jama'a hidima, sai aka ɗora shi a kan horar da wata ƙungiyar yara da ba ta taɓa abin kirki ba. Emilio Estevez ne ya fito a matsayin lauyan. An yi kashi na biyu a 1994, na uku a 1996, sannan a 2021 aka dawo da labarin a matsayin shiri mai dogon zango. Tasirin fim ɗin ya kai ga Disney ta kafa ƙungiyar ƙwararru mai wannan suna a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a 1993, kuma ƙungiyar ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, a 2007, bayan ta fita daga hannun kamfanin.

Me ya sa gola ke buƙatar kariya ta musamman, alhali ya fi kowa sulke?

Sai an fara da abin da ake harba masa. Ba ƙwallo ba ce mai iska a ciki. Faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, kuma a wasan ƙwararru sai an daskarar da shi kafin a shiga fili don kada ya riƙa tsalle. A 2012 an auna harbin Zdeno Chara ya kai gudun kilomita 175 a sa'a. Yara ba sa harbi da irin wannan ƙarfi, amma ƙashinsu ma bai kai na manya ƙwari ba.

Sulken yana tare faifai, amma ba ya tare mutum. Ragar faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4, kuma gola yakan wuni a gabanta a durƙushe ko a gurfane, gwiwoyinsa a kan ƙanƙara, ƙafafunsa a baje gefe da gefe. Idonsa na kan faifai, ba ya kallon wanda ke tahowa. Sauran 'yan wasa biyar na ɓangarensa suna da damar kaucewa, ko su ƙanƙame jiki su karɓi karo da kafaɗa. Shi kuwa ba shi da wurin zuwa: bayansa ƙarfen raga ne, kansa kuma yana daidai gwiwar mai tahowa, wuyansa daidai kaifin ƙarfen da ke ƙasan takalmin sulu. Wanda ya san ƙwallon ƙafa ya san yadda rafali ke saurin hura usur idan aka bangaji gola yana sama ya miƙa hannu. Dalilin ɗaya ne, sai dai a nan ƙasan ƙanƙara ce kuma kowa na taka wuƙa.

To me dokar ta ce a taƙaice?

A gaban kowace raga akwai wani ɗan fili da aka shafe da shuɗin fenti, faɗinsa ƙafa 8, ya miƙo gaba kamar ƙafa 6. Wannan ita ce harabar gola. A littafin dokokin NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, doka ta 69 ce ke magana a kai. Idan ɗan wasan gaba ya shiga harabar ya hana gola motsi, ko ta hanyar taɓa shi ko ta wurin da ya tsaya, to ko faifai ya shiga raga ba a ci ba. Idan da gangan ya buge shi, a cikin haraba ne ko a waje, za a soke cin kuma a kore shi na minti 2, ko minti 5 idan abin ya yi muni. Amma idan ɗan bayan su golan ne ya hankaɗo shi ya faɗa kan golan, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya kauce, ba shi da laifi.

Akwai wasu ƙananan tanade-tanade. Gola ba ya zuwa zaman horo da kansa: in ya yi laifin minti 2, ɗaya daga cikin abokansa da ke fili ne zai je ya zauna masa. Idan ya danne faifai da safar hannunsa aka hura usur, an gama, babu mai ikon ci gaba da sara masa sanda a hannu.

Idan ya bar harabarsa fa? Ba ya zama kamar kowa?

A'a, kuma a nan ne masu kallo da yawa ke kuskure. Dokar ta faɗa ƙarara cewa fitar gola daga haraba ba ta halatta a kai masa karo ba. Ana iya ƙwace faifai a hannunsa, ana iya ɗan gogar juna ba da niyya ba, amma ba a auna shi da kafaɗa.

An gwada wannan doka a watan Nuwamba 2011. Ryan Miller, golan Buffalo Sabres, ya fito nesa da raga don ya riga Milan Lucic na Boston Bruins kai wa ga faifai. Ya riga shi ɗin, amma Lucic bai rage gudu ba, ya kwashe shi har hular kwanonsa ta tashi. Miller ya samu buguwar ƙwaƙwalwa, ya yi makonni bai buga ba. Hukuncin Lucic minti 2 ne kawai, ba a dakatar da shi ba. A ganina an yi sassauci fiye da kima, kuma manajojin ƙungiyoyi da dama sun nuna rashin jin daɗinsu a lokacin. Da Miller ya dawo a watan Disamba, Jordin Tootoo na Nashville ya sake afka masa, wannan karon aka dakatar da mai laifin wasa 2.

Ana yawan jin rigima kan cin da aka soke ko aka bari. Daga ina take tasowa?

Daga wahalar auna niyya da ido. A ƙarshen shekarun 1990 dokar ta kasance mai sauƙin faɗa: in takalminka na cikin haraba kafin faifai ya shiga, ba a ci ba, ko da ba ka taɓa gola ba. An soke ci da yawa a kan haka. Sai ga wasan ƙarshe na kofin Stanley a watan Yuni 1999, inda Brett Hull na Dallas Stars ya ci Dominik Hasek na Buffalo a ƙarin lokaci na uku, takalminsa na cikin shuɗin fenti. Hukumar gasar ta ce cin ya tabbata domin faifan yana ƙarƙashin ikonsa tun kafin ya shiga. Dallas ta ɗauki kofi, mutanen Buffalo kuwa har yau ba su yafe ba. Bayan wannan kakar aka sassauta dokar, aka koma duba ko an hana gola aikinsa. Tun daga kakar 2015-16 koci na da damar neman a duba bidiyo idan yana ganin an taɓa golansa, kuma yanzu idan ya nema bai yi daidai ba, ƙungiyarsa ce za ta sha horon minti 2.

Tun da sunan Buffalo ke ta fitowa, ya dace a ambaci cewa a wannan ƙungiya ce Rumun Ndur, ɗan baya haifaffen Zariya, ya fara buga gasar NHL a shekarun 1990.

Dokokin yara daidai suke da na ƙwararru?

Sun fi tsauri, kuma haka ya kamata. A ƙarƙashin hukumar USA Hockey, wadda ke kula da wasan yara a Amurka, ba sai ka taɓa gola ba: idan ƙungiyarka na riƙe da faifai ka tsaya a harabarsa yana ciki, rafali zai tsayar da wasa ya fitar da faifan waje. Idan garkuwar fuskar gola ta faɗi, nan take ake hura usur. A NHL kuwa, in abokan hamayya na dab da ci, ana iya barin wasa ya ci gaba na ɗan lokaci gola na tsaye fuska a buɗe, abin da ni ban ga hujjarsa ba ko ga manya.

Babban bambanci shi ne karon jiki. A da, yara 'yan shekara 11 da 12 suna da izinin kai wa juna karo. A 2010 wani bincike da Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary ta jagoranta ya kwatanta yaran lardin Alberta, inda ake karo a wannan shekaru, da na Quebec, inda ba a yi, aka ga haɗarin rauni da buguwar ƙwaƙwalwa ya ninka kusan sau uku a Alberta. USA Hockey ta ɗaga shekarun fara karo zuwa 13 a 2011, hukumar Kanada ta bi sahu a 2013. Wannan ya taimaki gola ma, domin yaron da ba a hankaɗo ba, ba zai faɗo masa a ka ba. Ke nan yawancin karon da ake gani a fim ɗin 1992, wanda yaransa na wannan rukunin shekaru ne, yau laifi ne.

Wane abu ne fim ɗin ya nuna da ba zai yiwu a fili ba?

Wanda ya fi damuna shi ne na Goldberg, golan yaran, da ke tsoron faifai. Maganin da kocinsa ya yi masa shi ne ya ɗaure shi a jikin raga, hannu da ƙafa, ya sa sauran yara su yi ta harbinsa har ya gane cewa sulken na kare shi. A fim abin dariya ne, kuma yaron ya warke. A gaskiya kocin da ya yi haka ya gama horar da yara. Sulken gola an ɗinka shi ne don ya yi aiki idan mai shi ya fuskanci harbi a tsayuwar da ta dace. Akwai wurare marasa kariya sosai: gefen gwiwa, cikin hannu, ƙashin wuya, maƙogwaro. Yaron da aka ɗaure ba zai iya rufe ko ɗaya ba. Tsoron faifai kuwa ba wauta ba ce, kuma masu horar da ƙananan gola sukan fara ne da harbi mai sauƙi daga nesa, a hankali ana ƙarawa.

A kashi na biyu ma an ga wani ɗan wasa ya ɓuya cikin kayan gola don ya yaudari ƙungiyar Iceland ya yi harbinsa na musamman. Daɗin kallo ne, amma babu rafalin da zai yarda a musanya kaya a ɓoye ana tsakiyar wasa. Gatan da doka ta ba gola na tafe da sharuɗɗa: shi kaɗai ke sa waɗannan kaya, kuma ba ya taɓa faifai in ya tsallake jan layin tsakiya.

Akwai abin da suka yi daidai. Julie Gaffney, yarinyar da ta tare harbin ƙarshe a kashi na biyu, ba ƙirƙirar banza ba ce. A 1992 Manon Rhéaume ta tsare wa Tampa Bay Lightning raga a wasan share fage na NHL.

Shin tun asali gola na rufe fuska?

Ina! Shekaru da dama suna tsayawa fuska a buɗe, kuma ana ɗaukar rufe fuska a matsayin ragwantaka. Ranar 1 ga Nuwamba 1959 harbin Andy Bathgate na New York Rangers ya fasa fuskar Jacques Plante, golan Montreal Canadiens. Aka shiga da shi aka yi masa ɗinki. Plante na da garkuwar fuska da yake sawa a atisaye, amma kocinsa Toe Blake ya hana shi sa ta a wasa. A ranar ya ce ba zai koma fili ba sai da ita, kuma da yake a lokacin ƙungiyoyi ba sa ajiye gola na biyu a benci, dole kocin ya haƙura. Montreal ta ci wasan 3 da 1. Duk da haka sai a 1974 gola na ƙarshe mai buɗaɗɗiyar fuska, Andy Brown, ya bar gasar NHL.

Wuya fa?

Nan ne aka fi yin jinkiri. Ranar 22 ga Maris 1989, ana nuna wasan Buffalo da St. Louis kai tsaye a talabijin, 'yan wasa biyu suka yi karo suka faɗa kan golan Buffalo, Clint Malarchuk, kaifin takalmin ɗaya ya yanke masa jijiyar wuya. Jini ya riƙa tsartuwa a kan ƙanƙara yana durƙushe ya dafe wurin. Mai kula da lafiyar ƙungiyar, Jim Pizzutelli, wanda ya yi aikin jinyar sojoji a yaƙin Vietnam, ya ruga ya sa hannu ya matse jijiyar har likitoci suka karɓa. An yi masa ɗinki kusan 300. Ya rayu, ya koma wasa, amma ya daɗe yana fama da firgici da damuwar da abin ya bar masa, kuma ya yi magana a kai a bainar jama'a.

A Kanada an daɗe da wajabta wa yara sa abin kare wuya. A Amurka shekaru da yawa shawara ce kawai ake bayarwa. A watan Janairu 2022 wani ɗalibin sakandare ya rasu a jihar Connecticut bayan takalmi ya yanke shi a wuya ana wasa. Ranar 28 ga Oktoba 2023 Adam Johnson, Ba'amurke mai buga wa Nottingham Panthers, ya rasu ta wannan hanya a garin Sheffield na Ingila. A watan Disamba na shekarar hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta sanar da wajabta kariyar wuya a duk gasanninta. USA Hockey kuma ta wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 18, gola da waninsa, daga 1 ga Agusta 2024, shekara 35 bayan abin da ya sami Malarchuk.