Fom ɗin da ake aiko wa iyaye kafin a kai yara Yankari: tambayoyi da amsoshi

Idan zangon karatu ya zo ƙarshe, makarantu a Bauchi da Gombe kan kai ɗalibai gandun namun daji na Yankari ko na Sumu, 'yan sikawut da 'yan agaji kuma su fita sansani. Kafin ranar, sai yaro ya dawo gida da takarda, wai a sa hannu.

Me ke cikin takardar?

Yawanci abu uku ne a cakuɗe: izinin tafiya, izinin kai yaro asibiti idan ta kama, sai wani layi da ke cewa duk abin da ya same shi babu ruwan masu shirya tafiyar. Biyun farko dole ne. Na ukun shi ke buƙatar natsuwa.

Idan na sa hannu, na yafe haƙƙin ɗana ke nan?

Akwai bambanci tsakanin tsautsayi da sakaci. Yaro ya yi tuntuɓe ya gurɗe ƙafa alhali malami na tare da shi, wannan tsautsayi ne. Amma a saki yaran da ba su iya iyo ba a ruwan Wikki da ke Yankari, wanda zurfinsa a wasu wurare ya shanye babban mutum, malamai na can gindin bishiya suna hira, wannan sakaci ne tsagwaronsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ta hana sa sharaɗin da zai wanke mai harka daga mummunan sakacinsa. A Ingila tun 1977 doka ta ce ba a rubuta wa kai kariya daga mutuwa ko raunin da sakaci ya jawo. A Amurka kuwa jihohi sun rabu: kotun ƙolin Ohio ta karɓi sa hannun uwa a kan irin wannan sharaɗi a 1998, ta Washington ta ƙi irinsa a 1992. Fiƙihunmu ma ya daɗe da faɗa cewa mai riƙon amana ba ya biya sai in ya yi sakaci.

Me zan tambaya kafin in sa hannu?

Yara nawa ne a hannun malami guda? Wace mota, wa zai tuƙa, kuma za a dawo kafin magariba? Akwai malama da za ta kwana da 'yan mata? Wa ya iya ceto a ruwa? Wanda ya fusata don ka tambayi waɗannan, ni dai ba zan ba shi ɗana ba.

Wurin bayanin lafiya fa?

Nan iyaye suka fi cutar da 'ya'yansu. Ana ɓoye sikila, asma ko farfaɗiya don kunya, ko don kada a hana yaro zuwa. Don Allah a rubuta gaskiya, da sunan maganin da yake sha, da lambar da za a kira a samu mutum. Malamin da bai san yaro na da sikila ba zai bar shi ya wuni yana tafiya cikin rana ba ruwa.

Zan iya ƙin wani layi?

Za ka iya. Ka je ka ga shugaban makaranta, ka ja layi a kan abin da ba ka yarda da shi ba, ku sa hannu a gefe ku biyu, ka ɗauki hoton takardar a wayarka. In suka ƙi, yaron ya haƙura da wannan tafiyar.