Ba duk sojan mulkin mallakar Birtaniya ne ɗan Ingila ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk Baturen da ya yi wa Birtaniya yaƙin mulkin mallaka ɗan Ingila ne. Ba abin mamaki ba ne, tunda tuta ɗaya suka ɗauka, kaki iri ɗaya suka sa.

Amma daga 1801 zuwa 1922 Ayalan duka tana cikin ƙasar Birtaniya, 'ya'yanta da yawa sun shiga soja, ba kuma tilasta musu aka yi ba. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, da Buwa (Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan) suka yi wa Birtaniya ɓarna a Disamban 1899, sai aka nemi mahaya dawaki 'yan sa-kai. Mutanen Dublin da Belfast, biranen Ayalan, suka amsa kira. A ranar 31 ga Mayun 1900 Buwa suka kama ɗaruruwan mahayan nan a garin Lindley na Afirka ta Kudu, bayan kwanaki suna kewaye da su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wasu 'yan Ayalan ɗin a ɓangaren Buwa suka yi yaƙi.

Mai son tabbatarwa ya duba gefen lambar yabon wannan yaƙi: akan zana sunan soja da lambarsa da rundunarsa. Takardun ɗaukarsa aiki, da ke taskar tarihi a Landan, sukan nuna mahaifarsa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.